Sirdin Inna

 

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ba kuma na kishiya ko uwar miji ba. Magana ce a kan wani ɗan ƙaramin abu wanda na tabbata da yawa daga cikinku kun zauna a kansa yau ɗin nan ba tare da kun ko dube shi ba, wato sirdin babur, wanda yaran yanzu suke kira sit.

Mai karatu, ka taɓa lura da mutum idan zai sayi babur na hannu? Zai tayar da shi ya kasa kunne ya saurari kukan inji, ya leƙa salansa ya ga ko tana hayaƙi, ya danna taya, ya taɓa sarƙa, ya matsa birki, sannan ya tambayi takardu. Sirdi kuwa iyakaci ya buge shi da tafin hannu ya kaɗe ƙura. Haka nan idan 'yan kuɗi suka shigo, bakanike ne yake fara karɓar rabonsa, sai mai faci, sai gidan mai. Shi sirdi ɗan bora ne, kullum sai a ce masa ya jira wata mai zuwa. Alhali kuwa shi ne yake ɗauke da jikin mutum tun daga hawa har sauka. Inji zai kai ka inda za ka, wannan gaskiya ne, amma sirdi ne yake yanke hukuncin irin halin da za ka isa.

Shi dai babur ɗin nan nawa ba ni na saye shi ba, na Yayana ne. Waɗanda suka san birnin Kano a shekarun 2000 ba sai na ba su labarin acaɓa ba. A can da babur abin malaman makaranta ne da akawu, masu Vespa da Honda da Suzuki, mutum ya hau abinsa da babbar riga yana tafe a natse. To, da babura masu araha suka fara shigowa daga China, irin su Jincheng, daga baya kuma Bajaj daga Indiya, sai gari ya cika maƙil, duk saurayin da ya baro ƙauye ba ya rasa abin yi. A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo A Daidaita Sahu mai ƙafa uku domin ɗaukar mata, amma duk da haka acaɓa ya ci gaba da cin kasuwarsa. Cikin wannan yanayi ne Yaya ya tara kuɗi ya sayi nasa sabo fil a 2009.

A watan Janairu na 2013 aka kai wa ayarin motocin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari, kuma ba a yi kwanaki ba gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa a cikin birni. Sai Yaya ya ɗauro 'yan komatsansa a bayan babur ya dawo ƙauyenmu da ke ƙasar Wudil. Ya ci gaba da ɗan jigila, musamman ranar Juma'a da babbar kasuwar Wudil take ci, har zuwa 2016 da Allah Ya hore masa mai ƙafa uku na biyan kuɗi kaɗan-kaɗan. Ranar da ya karɓo shi ya miƙo mini makullin tsohon ya ce, "Ungo, ka daina zuwa makaranta a ƙasa kamar ɗalibi." Ni malamin firamare ne, kuma tun daga ranar babur ɗin nan ya zama ƙafata, ya zama motar gidanmu baki ɗaya.

Bari in ɗan tsaya in faɗa maka yadda sirdi yake mutuwa, domin ba dare ɗaya yake yi ba. Shi hawa uku ne. Akwai faranti a ƙasa, na ƙarfe a tsofaffin babura, na roba a na yanzu. A kansa akwai soso. A kan soso kuma akwai leda, wadda mutane da yawa suke ɗauka fata ce, alhali roba ce aka shimfiɗa a kan yadi, aka cuɗa ta da wani sinadari mai maiƙo da yake sa ta laushi. Ranar watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake kai maki 40 a ƙasar nan tamu, ita ce take fara tsotse wannan maiƙo a hankali. Fetur ɗin da yake ɗiga a kanta wajen shan mai da garin sabulun da ake wanke ta da shi su ma suna taimakawa. Idan maiƙon ya ƙare sai ledar ta bushe ta yi tauri, ta fara tsagewa daga gefen da cinya take gogawa da kuma bakin ɗinki, kamar faso a dunduniya lokacin hunturu.

Da zarar ta tsage, sauran aikin na damina ne. Soso abu ne mai ƙofofi, ruwan sama ɗaya na watan Agusta ya ishe shi ya sha ya ƙoshi, kuma ledar da ta kasa hana ruwa shiga ita ce za ta hana shi fita. Shi ya sa za ka ga an kwana uku ana rana, amma kana zama sai ka ji sanyi ya ratsa wandonka, ka sauka a gaban mutane kana jan riga kana rufe baya. Daga nan soso zai fara ruɓewa yana zuba kamar garin rogo, ruwan kuma ya gangara ya sami farantin ƙarfe ya sa masa tsatsa. A ƙarshe sai ka wayi gari kana zaune a kan ƙarfe, leda ce kawai tsakaninku.

A wannan mataki sirdina ya kai a daminar 2024, bayan shekara 15 yana ɗaukar mutane da buhuna. Ya yi iya yinsa, ba ni da abin da zan ce da shi sai godiya. Na lallaɓa shi da duk dabarar da talaka ya sani. Na naɗe shi da baƙin salatif, rana ta narka gam ɗin ya koma bin rigar mutane. Na yanka robar tsohon tib na ɗaure. Na ninka guntun kafet na ɗora. Idan hadari ya taso kuwa, ɗalibaina sun san aikinsu, da gudu wani zai fita ya kifa masa buhu.

Kada ka tambaye ni dalilin da ya sa ban sayi sabo ba, domin kai ma a ƙasar nan kake. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saye ƙasa da N200 ta haura N500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce N1,000. Naira ta faɗi, duk wani kayan gyara da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabi. An sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na N70,000 a watan Yuli na 2024, amma kasuwa ta riga shi isowa gidajenmu. Mutumin da yake auna mai da kwalba ba ya zancen sabon sirdi.

Abin da ya mayar da zancen ya zama dole shi ne Inna, mahaifiyarmu. Tana fama da hawan jini, ga kuma ciwon ƙugu irin na manya. Duk wata nake kai ta asibiti a cikin gari a auna ta a ba ta magani, kuma likita ya ja mana kunne cewa wannan ciwo ba a yi masa fashi, domin ba ya sallama kafin ya kayar da mutum, sai dai a ji an ce ɓarin jiki ya shanye. Tsakaninmu da kwalta kuwa hanyar burji ce mai gargada, wadda damina take mayarwa kamar kunyar dankali. Mota ba ta shigo mana sai ranar kasuwa, shatar mai ƙafa uku zuwa da dawowa kuma ta fi ƙarfina, shi Yaya a lokacin ya koma birni da sana'arsa.

Wata ranar Laraba a farkon watan Oktoba na shiga gaishe ta da yamma, na tuna mata saura kwana tara mu koma asibiti. Sai ta yi shiru tana jan carbi, can ta ce, "Auta, wannan watan ka bar shi kawai. Jikin da sauƙi, ka huta da asarar mai."

Na ce, "Inna, ai likita ya ce ba a fashi."

Ta ce, "Likita ai ba shi yake ji a jikinsa ba. Tashi ka je ka ci abinci."

Da dare bayan yara sun kwanta, mai ɗakina ta matso ta rage murya ta ce, "Malam, ba fa sauƙi ba ne. Wancan zuwan da kuka yi, kwana biyu ta yi tana salla a zaune, ni na riƙa gasa mata ƙugu da ruwan zafi. Ta ce kada in kuskura in faɗa maka, wai ka ji da abin da yake gabanka. Ƙarfen bayan nan ne yake dukanta."

Wanda bai san iyayenmu mata ba zai yi mamaki, amma kai da ka sani ba za ka yi ba. Ta gwammace ta bar maganin da ranta yake rataye da shi a kan ta buɗe baki ta ce wa ɗanta abin hawansa ya tsufa. Kuma gaskiyar mai ɗakina ce, domin mai zama a baya a daidai saman tayar baya yake, duk ramin da aka faɗa shi yake fara sanarwa, ga shi kuma nan ne soso ya fi cinyewa. Na lalube aljihu da ƙasan akwati na haɗa N6,000. Ita kuma ta kwance bakin zaninta ta ƙara mini N2,000 daga cinikin ƙuli-ƙulinta, ta ce, "Ai Innarmu ce mu duka."

Ranar Asabar na shiga gari da N8,000. Na fara tsayawa a shagon kayan babur, aka faɗa mini kuɗin sabon sirdi, ya ninka abin da yake hannuna har da ɗoriya. Yaron shagon da ya ga na yi jim sai ya zaro mini rigar sirdi, irin ɗinkakkiyar nan mai roba a baki da ake sakawa kamar hula, ja da ruwan gwal, tana ta walƙiya. Ya ce, "Malam, ka sa wannan kawai, wallahi kowa ya gani zai ce sabo ne, kuma ka koma da canji mai kauri." Ba ƙarya ya yi ba, kowa ya gani zai ce sabo ne. Sai dai ƙugun Inna ba gani yake yi ba. Na yi masa godiya na wuce.

A bayan tasha akwai wani dattijo mai rumfa da yake ɗinkin kujerun mota da kushin na ɗaki. Na same shi a bakin kekensa da tabarau a karan hanci. Bayan mun gaisa ya taso ya zagaya babur ɗin, ya sa babban yatsa ya danna gaba, ya danna tsakiya, ya danna baya har muka ji ƙarfe ya amsa. Sai ya ɗago ya ce, "Malam, wa yake zama a nan?"

Na ce, "Mahaifiyata ce, Baba."

Ya ce, "Nawa ka zo da shi? Kada ka ji kunya, faɗa mini gaskiya in san yadda zan yanka."

Na faɗa masa. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, ba leda ka zo saye ba, soso ka zo saye. Kusan rabin kuɗin nan a ciki za mu binne shi inda ba mai gani. Ka yarda?" Na ce na yarda.

Muna cikin haka yake ba ni labarin cewa shi ɗan dukawa ne, mahaifinsa kayan doki yake ɗinkawa. Ya ce tsohon yakan ce masu kallon hawan salla jalala suke gani, amma doki abin da aka shimfiɗa masa a ƙarƙashin sirdi yake ji, in ya yi kyau ya yi rawa, in bai yi ba ya yi gyambo. Wannan magana ta tsaya mini a rai. Ashe ko sunan ma daga doki muka aro shi muka ba keke da babur, kamar yadda muka ce musu dokin ƙarfe. Kuma Kano gari ne na fata tun fil azal, ga unguwar Majema ga Dukawa, ga jar fatar akuyar ƙasar Hausa da fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Na tambaye shi ko fata ta gaske ba za ta fi ba. Ya yi dariya ya ce, "Ta fi tsada dai. Doki a barga yake kwana, babur ɗinka a tsakar gida. Fata ta sha ruwa ta sha rana ba mai shafa mata mai, wata uku ta zama ƙirgi."

Don a rage kuɗin aiki, muka yi yarjejeniya cewa duk abin da hannuna zai iya ni zan yi. Ya ara mini sifana na kwance noti biyun da suke riƙe da sirdin. Da muka kifa shi sai ga ƙananan haƙoran ƙarfe jere a bakin farantin, su ne suke cije da leda. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da sukundireba ina miƙarwa a hankali, domin tsatsa ta ci wasu, da an matsa sai su karye. Baba ya ce na roba ba su da wannan wahala, da ƙananan ƙusoshi ake harbe su, sai dai a kula kada ƙusar ta yi tsawo ta huda ta fito wa mai zama. Da muka yaye tsohuwar ledar wani wari ya taso kamar na tsohuwar rijiya. Soson baya ya zama gari, amma na gaba, da Baba ya matsa shi ya saki, sai ya taso ya koma yadda yake. Ya ce, "Wannan da sauran ransa, ba za mu yar ba. Je ka shanya shi kwana biyu." Farantin kuma ya tsage a wuri ɗaya, na kai wa mai walda ya ɗinke, na tafi da shi gida na goge tsatsar da samfefa har ƙarfe ya fito, na shafe shi da ragowar fentin ƙofa. Kwana biyun nan a ƙasa na je makaranta, ɗalibai suna tambayata ko babur ba shi da lafiya.

Ranar Talata da yamma na koma. Baba ya ajiye mini soso kala biyu ya ce in zaɓa. Ɗaya fari ne tas, mai laushi kamar burodi, yatsa yana nutsewa a ciki. Ɗayan kuwa mummuna ne, mai ɗigo-ɗigo kamar zabuwa, wanda ake yi da gutsattsarin soso a cuɗa da gam a matse. Ya ce in ɗaga su in ji. Girmansu ɗaya amma mai ɗigon ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Ya ce, "To ka ji sirrin. Soso da nauyi ake gane mai ƙarko, ba da laushi ba. Farin nan daɗin yatsa ne da shi. Mutum ya zauna, kafin ku fita daga gari ya lotse ya sadar da shi da ƙarfe. Mai tauri a ƙasa ya ɗauki nauyi, mai laushi siriri a sama ya yi wa fata maraba."

Haka kuwa aka yi. Ya yanke ruɓaɓɓen ya yar, ya yanko mai ɗigon mai kaurin inci 2 ya haɗa da tsohon na gaba. Gam ɗin ma akwai yadda ake sa shi: a shafa wa fuska biyun, a bari ya sha iska har sai ka taɓa bai biyo yatsa ba, sannan a haɗa a danne, kuma sau ɗaya ake yi, in ya kama ya kama. Ya ɗauki ruwan zarto ya riƙa sassaƙa, yana gogewa da samfefa mai kaushi. Na lura bai yi wa bayan tozo ba kamar yadda yake a da, sai ya bar shi shimfiɗe da ɗan faɗi. Ya ce sirdi mai tozo a wuri ɗaya yake tara nauyin mutum, mai faɗi kuwa raba shi yake yi. Gaban kuma bai ƙara masa tudu ba, ya sa na hau na gwada ya ga ƙafafuna biyu suna taka ƙasa sosai, domin mai ɗauke da tsohuwa a cikin yashi ba ya son ɗage. Daga nan ya lulluɓe duka da siririn farin soso na rabin inci, sannan ya kawo farar leda irin wadda ake naɗo sabuwar katifa da ita ya rufe. Ya ce, "Wannan kyauta ce, a bola ake tsintarta, amma ita ce mai gadin soso. Ko ta sama ta huje, ruwa a nan zai tsaya."

Sai maganar ledar sama. A nan ne muka yi tsimi. Baƙa sabuwa daga bandir ta fi ƙarfin abin da ya rage, sai Baba ya jawo wani buhu ya zazzage ragowar da ta saura daga kujerun wata bas da ya yi wa aiki. Muka sami ƙyalle ɗaya mai kauri da zai isa, sai dai ruwan ƙasa ne, babur ɗina kuwa shuɗi. Ya dube ni, na dube shi, na ce, "Baba, yanka." Ya ce, "Ka ma huta, ba ta kai baƙa ɗaukar zafi ba."

Bai yi mata ɗinki ko ɗaya a sama ba, ya ce duk inda allura ta bi ƙofa ce ta ruwa. Ya ja ta tsaye ya ja ta kwance ya gane ɓangaren da ta fi miƙewa, sannan ya ɗora ta a kan kwanon rumfa ta sha rana har ta yi laushi. Ya fara kama tsakiyar gaba, ya ja ya kama tsakiyar baya, sannan ya riƙa bin gefe da gefe, dama ɗaya hagu ɗaya, ni ina danne masa yana cusawa a haƙori yana lanƙwasawa da guduma. Inda haƙora suka karye ya huda ya sa ribit. A kusurwa kuma ya yi mata ƙananan tattara ya tura su ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Ya ce ja biyu ne yake kashe aiki: in ka ja da yawa ka matse soso ka kashe shi tun bai fara aiki ba, in ka yi sako-sako ta yi tamoji, kuma daga tamoji tsagewa take farawa.

Abu biyu ya ƙara mini waɗanda ban tambaya ba. Robobin da suke ƙarƙashin faranti, masu hana ƙarfe dukan ƙarfe, duk sun zube, sai ya yanko tsohuwar taya ya maye gurbinsu. Sannan ya ɗauko bel ɗin wata matacciyar mota ya gitta shi a tsakiyar sirdin ya ɗaure da noti ta ƙasa. Ya ce, "Tsohuwa ba za ta riƙe ka ba, kunya ba za ta bar ta ba. Ga abin riƙewa." Da zan tafi kuma ya nuna mini sifirin na baya ya ce suna da matakai, in sa bakanike ya daidaita su da nauyin mutum biyu, kuma in daina bari mai faci yana cika wa taya iska har ta zama dutse, domin sirdi ba zai yi aikinsa ya yi na wasu ba.

Ga yadda kuɗin suka tafi, ko wani zai amfana: soso N3,500, leda N1,500, gam da ribit N700, walda N500. Da na tambayi Baba kuɗin aikinsa sai ya ce in kawo abin da ya sawwaƙa. Na miƙa masa N1,800 da suka rage, ya zare N300 ya mayar mini ya ce, "Sai wa yara rake. Sauran ladan kuma ka ce wa Inna ta sa mu a addu'a."

Ranar asibiti na fito da babur ƙofar gida na shiga na ce, "Inna, a fito, rana tana yi." Ta fito tana jan ƙafa, da alama ta shirya wani uzurin. Da ta ga sirdin sai ta tsaya, ta sa tafin hannu ta danna, ta sake dannawa. Ta ce, "Auta, sabo ka saya? A wannan tsadar?"

Na ce, "A'a Inna, tsohon ne aka yi wa gyara."

Ta kalli mai ɗakina da take tsaye a bakin zaure, ita kuwa ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Inna ba ta ce komai ba, ta yi bisimilla ta hau, hannunta ya sami bel ɗin nan kamar dama ta san da shi. Muka je muka dawo, ba ta yabi sirdi ba, ni ma ban tambaya ba. Da ta sauka dai ta ce, "Allah Ya yi muku albarka, kai da ita." Washegari da asuba na ji motsin tsintsiya a tsakar gida, na leƙa na ga ita ce. Da wata ya zagayo kuwa, tun saura kwana uku ita da kanta ta aiko jikanta ya tuna mini ranar asibiti.

A majalisarmu kam na sha tsiya. Wani ya ce na sato kujerar bas, wani ya ce babur ɗina ya sa hular da ba ta dace da riga ba. Na ce musu ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ba a rufa wata biyu ba mutum biyu daga cikinsu suka same ni a gefe suna tambayar kwatancen rumfar Baba.

Abin da na ɗauka daga wannan ɗan aiki shi ne, idan kuɗi suka yi kaɗan, ba rashinsu ne kaɗai abin tsoro ba, har da inda zuciya take tura mutum ya kai su. Mai ƙaramin ƙarfi ya fi kowa jin kunyar idon jama'a, saboda haka ɗan abin da ya samu sai ya kai shi inda za a gani: fenti a kan bangon da gara ta cinye, sabon takalmi a ranar da ba a ɗora tukunya ba, rigar sirdi mai walƙiya a kan ƙarfe. Ban ga laifin kowa ba, domin rufin asiri ma bukata ce. Amma tambayar da Baba ya fara yi mini, wa yake zama a nan, ita ce ta raba mini N8,000 daidai, kuma na ga tana aiki a wurare da yawa da ba ruwansu da babur.

Ga mai irin wannan lalura, shawarata kaɗan ce. Ka kwance ka duba ciki kafin ka yi ciniki, domin sai ka ga rabin sosonka yana da rai. Ka tambayi masu kushin ragowar leda, ba sa rasawa. Ka yi aikin da hannunka zai iya. In an gama kuma ka nema masa inuwa, ka goge shi da jiƙaƙƙen tsumma kawai, ka toshe ƙaramar huda ranar da ka gan ta tun ba ta zama ƙofa ba. Sannan ka sa ido a kan awaki, domin ban san abin da ya haɗa su da sirdin babur ba, da sun ga an kafe shi sai sun hau sun yi sarauta.

Daminar 2025 ta zo ta wuce, ruwa bai sami hanya ba, ledar bas tana nan da launinta da bai dace da kowa ba. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, waɗanda suka rigaye mu Ya jiƙansu, Ya kuma sa albarka a hannun masu sana'a irin su Baba.